Goggo Bihua da Jar Tukunya

Goggo Bihua ƙanwar babana ce, kuma duk unguwarmu babu wanda bai san muryarta ba. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana yankar tikiti a jirgin fito mai ɗaukar mutane daga wannan gaɓar kogin Yangtze zuwa waccan, tun kafin gadoji su cika garinmu, Chongqing. Kujerarta tana manne da ɗakin inji, don haka ta koyi yin magana sama da rurinsa. Da aka yi mata ritaya ta baro injin a can, amma muryar ta biyo ta gida. Idan ta gaida maƙwabciyarta a hawa na shida, mai sayar da taliya a bakin titi yakan ɗaga kai ya amsa. Kunnenta na hagu kuwa injin ya cinye shi. Har yau ba ta yarda ba. Cewa take mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, tana rina gashinta ja-ja duk wata biyu. Mijinta, Kawu Dehou, ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ɗansu ɗaya tilo kuma yana aiki can Shenzhen, sai lokacin sabuwar shekara ake ganinsa. Ta yi wata uku tana kuka, kukan da duk benen ya sha. Ranar nan ta wanke fuska ta fita ta sayo takalmin rawa, ta shiga cikin matan da ke taka rawa a bakin kogi da yamma. Kafin shekara ta zagayo ita ce a layin gaba, ita ke riƙe da lasifika, ita ke korar wadda ta makara zuwa layin baya.

An yi ta kawo mata maza. Wani tsohon direban bas, ta ce yana tauna abinci kamar yana jin tsoronsa. Wani mai shagon tayal, ta ce yana dariya kafin ya kai ƙarshen labarinsa. Muka gaji muka bar ta.

Sai ga Malam Pu.

Pu Jingnian sunansa, malamin lissafi ne da ya yi ritaya, mutumin Wuxi, can gabas inda suke zuba sukari har a cikin nama. Matarsa ta daɗe da rasuwa, sai 'yarsa da ke aiki a garinmu ta ɗauko shi ya zauna da ita. Dogo ne siriri, da tabarau, da lema a hammata ko da babu gajimare ko ɗaya a sama. In yana magana sai ka matso ka karkata kai.

A satinsa na biyu ya fita sayen man takalmi ya ɓata. Ya shiga wani bene ta ƙofar ƙasa, ya hau lif, ya fito ya tarar da kansa a kan wani titin dabam da motoci suna wucewa. Ya koma ya sauko, ya fita ta wata ƙofar, sai ga kasuwar kifi. Awa biyu yana hawa yana sauka. Goggo ta tsince shi zaune a kan matakala a bayan kasuwa, ya ɗora lema a gwiwa yana zana taswira a bayan ambulan.

"Kai, baƙo! Ciwo ne ya kama ka?"

Ya miƙe ya ɗan rusuna ya faɗi wani abu.

"Me?"

Ya sake faɗa.

"Buɗe baki, bawan nan! Ba sirri muke yi ba!"

Sai ya miƙa mata ambulan ɗin da adireshin 'yarsa a jiki. Ta duba ta tuntsire da dariya, don gidan yana saman kansu daidai, matakala ɗari uku kawai. Ta ɗora masa jakar kabejinta ta shige gaba, yana biye yana haki.

Talatar da ta biyo baya ta sake tarar da shi a wurin. Ya ce ya sake ɓata. Talata ta uku ma haka. A ta huɗu ya ɓata riƙe da ledar lemo mai zaƙi da kuma ƙaramar kujerar naɗi, don kada ta tsaya a tsaye in ta gaji. Masu kifi suka fara yi masa kirari da "Malam Ɓatacce". Wata bakwai aka yi a haka. Yakan zauna a gefen filin rawa yana riƙe mata jaka, yana buga ƙafa ba daidai da kiɗa ba. Ya gyara mata agogon bango. Ita kuma ta fara rina gashi duk wata.

Wata ranar Laraba cikin watan Agusta ta kira ni a waya ina bakin aiki. A kantin magani nake aiki, shekarata arba'in da biyu, 'ya'yana biyu, amma a bakin Goggo har gobe ni Auta ce.

"Auta! Ranar Asabar da rana tsaka, gidan Kuang. Ki zo da maganin ciki, mai ƙarfi."

"Goggo, wa za a kashe?"

"Malamin nan. Na lura yana ta zagaye-zagayen wata magana, ya buɗe baki ya rufe. Ni kuwa ba na sauraron maganar namijin da ban taɓa ganin guminsa ba. Wata bakwai, Auta, ko ɗigo! Mutum ne shi ko kifi?"

"Goggo, mutumin Wuxi ne fa. Ko barkono ɗaya bai..."

"Me?"

"Na ce zan zo!"

Gidan Kuang gidan tukunyar wuta ne, inda kowa ke dafa abincinsa a romo mai tafasa a kan teburinsa. Yana cikin wani tsohon kogo da aka haƙa a jikin dutse lokacin yaƙi. Tun muna yara can ake kai mu. Tebur goma sha huɗu ne a jere, dogayen bencina, fankoki suna kaɗa tururi daga wannan kai zuwa wancan. Kuang ɗin kansa tsohon matuƙin jirgin da Goggo ta yi aiki a ciki ne, ƙato mai sanƙo, da tawul a wuya rani da damina. Ranar zafin garin ya wuce maki arba'in, amma ko benci ɗaya babu kowa a kai ba ka samu. Maza sun naɗe riguna zuwa ƙirji, mata sun ɗaure gashi sama, kowa na ihu a kan tukunyarsa.

Malam Pu ya riga mu zuwa. Yana tsaye a bakin kogon cikin farar riga mai dogon hannu, maɓalli a rufe har wuya, gashi a taje da mai. Kafin Goggo ta iso ya ja ni gefe ya nuna mini wani ɗan littafi.

"Na shirya," in ji shi a hankali. "Sati uku ke nan. Ranar farko ƙwayar barkono ɗaya a cikin shinkafa. Rana ta biyu, biyu. Jiya na ci ashirin da ɗaya, kuma ban yi tari ba sai sau ɗaya."

"Malam, barkono ashirin da ɗaya?"

"A'a, 'ya'yan cikinsa. Ƙananan nan farare."

Na juya fuska na yi kamar ina neman wani abu a jaka.

Goggo ta iso cikin jar riga mai fulawa, ta ratsa kogon tana gaisawa da tebur-tebur kamar mai neman ƙuri'a. Kuang ya fito yana goge hannu.

"Yaya Bihua! Yau wace rana? Wannan ne Ɓataccen?"

"Shi ne. Ka ba mu wuri kusa da fanka, kada ya narke."

Kuang ya dubi Malam Pu daga sama har ƙasa, ya dubi farar rigar, ya girgiza kai cikin tausayi. Ya sunkuyo ya rage murya, wato dai ya yi maganar da tebur huɗu kawai za su ji.

"Yaya, akwai tukunya mai rabi biyu a can baya. Rabi ja, rabi farin romo. Don baƙi muke ajiye ta. Babu wanda zai ce komai."

Wani mai tumbi a teburin kusa da mu ya ajiye tsinken cin abincinsa don ya ji. A garinmu farin romo na jarirai ne da wanda aka yi wa tiyata jiya. Goggo ta buɗe baki, amma Malam Pu ya riga ta. Ya ɗaga yatsa ɗaya kamar yana aji.

"Ja," in ji shi. "Duka ja. Irin wanda take ci."

"Ka ji me ya ce?" Goggo ta tambaye ni.

"Ya ce ja, Goggo."

"Yauwa! Kuang, irin na gida. Kada ka yi mana ha'inci."

Aka kawo tukunyar aka ɗora a kan wuta a tsakiyar tebur. Curin kitsen shanu kamar bulo yana zaune a tsakiya, busasshen barkono ya rufe fuskar romon har ba a ganin ruwa, 'ya'yan fasaƙwari suna yawo a tsakani. Kitsen ya fara narkewa, romon ya fara tafasa, ƙamshin ya taso. Malam Pu ya yi atishawa bakwai a jere. Mai tumbin teburin kusa ya ƙirga masa da ƙarfi, abokansa suka tafa.

Goggo ta haɗa masa kwanon man riɗi da tafarnuwa da hannunta. Farantai suka fara sauka: tumbin sa a kan ƙanƙara, hanjin agwagwa dogaye, yankan naman sa da aka mulke da yaji, saiwar bado, dankali, ganye.

"Duba nan," ta ce, ta ɗauki yankin tumbi da tsinke. "Ka tsoma ka ɗaga, ka tsoma ka ɗaga. Ƙirga goma sha biyar ka cire. In ka wuce, takalmi za ka tauna."

Nan fa aka zo fagensa. Ya gyara tabarau, ya kwance agogon hannu ya ajiye a gefen kwano, ya tsoma nasa yankin tumbin yana kallon hannun agogon. A goma sha biyar cif ya cire, ya juya shi a man riɗi, ya sa a baki.

Muka zuba masa ido, mu da teburin kusa da Kuang da matar Kuang daga ƙofar kicin.

Ya tauna. Ya haɗiye. Ya ɗauki tsumma ya goge gefen baki a natse.

"Da daɗi," in ji shi. "Ba shi da..."

Sai shaƙuwa ta ɗauke shi har kafaɗunsa suka yi tsalle. Kunnuwansa suka fara yin ja, jan ya gangaro wuya, sannan ya hau goshi. Tabaransa ya yi hazo. Ɗigon farko ya fito a kan hancinsa, ya tsaya yana lilo, ya faɗa cikin man riɗi.

"Ga shi nan!" Goggo ta buga tebur har farantai suka yi ƙara. "Auta, kin gani? Mutum ne!"

Na miƙa masa madarar gyaɗa mai sanyi. Ya shanye kwalbar a tsaye, ya ajiye, ya sake ɗaukar tsinke. Na ce masa ya huta, ya girgiza kai. Ya ci hanjin agwagwa, wanda ya fi ƙarfinsa tsawo har sai da ya miƙe tsaye kafin ƙarshensa ya fito daga tukunya. Ya ci naman nan mai yaji, hawaye na zuba ta ƙarƙashin tabarau. Maɓallin wuya ya buɗe, sannan na biyu. Gashin da aka taje ya miƙe tsaye. Mai tumbin ya miƙo masa nasa tawul ɗin, ya karɓa da hannu biyu yana godiya ya rataya a wuya. Goggo kuwa sai zuba masa take, tana ci tana dariya tana ba da labarin shekarar da ruwa ya cika har jirginsu ya tsaya a ƙofar gidan waya.

Can ya ɗebo yankin dankali, bai lura da cewa 'ya'yan fasaƙwari sun manne a ƙarƙashinsa kamar guda goma ba. Na ga lokacin da ya tauna su. Idanunsa suka buɗe. Ya ɗora yatsa a leɓe ya taɓa, ya sake taɓawa, kamar mai duba ko leɓen nasa ne.

"Auta," ya raɗa mini, "bakina ya tafi."

"Zai dawo, Malam. Minti goma."

"Ba ni da minti goma. In na jiya, ba zan iya ba."

Ya miƙe tsaye. Ya laluba aljihun ƙirji ya zaro wata takarda a ninke. Daga baya 'yarsa ta gaya mini kwana huɗu ya yi yana rubuta ta, shafi biyu, har da baitin waƙa. Ya buɗe ta, sai ga tawada ta narke da gumi ta zama shuɗin tabo ɗaya, aljihun rigar ma ya yi shuɗi. Ya dubi takardar ta gaba, ya duba ta baya. Ya ninke ta ya mayar. Ya juya wajen Goggo, kuma cikin rashin sa'a ta gefen hagunta yake.

"Biwa," in ji shi, don leɓen ya ƙi haɗuwa. "Ki auwe ni."

"Awara?" Goggo ta juya ta ɗaga hannu. "Kuang! Kawo awara faranti ɗaya! Ashe ka iya zaɓe, tana shan romo."

"A'a. Ki au... ki auwe ni."

"An ce ana kawowa! Zauna mana, ka tsaya a kaina kamar sandar lantarki."

Ni dai na kifa kai a tebur. Mai tumbin ya cusa hannu a baki yana danne dariya. Matar Kuang ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya. Kuang ya kawo awarar da gudu ya ajiye, ya ƙi tafiya.

Malam Pu ya cire tabarau ya ajiye kusa da agogo. Ya zagaya bayan benci ya koma gefen damanta. Ya ja numfashi har ƙirjinsa ya taso. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana koyarwa ɗalibai suna matsowa gaba don su ji shi, ranar ya buɗe maƙogwaro ya saki wata irin murya da ta bugi ƙarshen kogon ta dawo.

"BIHUA! BA AWAWA BA! AUWE! INA SON KI! KI AUWE NI!"

Babu abin da kake ji a duk kogon sai tafasar tukwane da fankoki.

Abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, shi na gani: Goggo Bihua ta rasa abin faɗa. Tsinkenta yana sama da hanjin agwagwa a rataye. Ta dube shi, ta dubi tukunya, ta dube ni. Fuskar da barkonon garin nan bai taɓa sa ta yi ja ba, ta yi jawur har cikin gashi. Ta buɗe baki, wata 'yar siririyar murya ta fito.

"To ai... ba sai ka yi ihu ba."

Kogon ya fashe. Mutane na buga bencina, ana ƙwanƙwasa kwanoni da tsinke, wata tsohuwa a teburin ƙarshe tana tambayar me aka ce ana faɗa mata. Mai tumbin ya hau benci yana ihu, "Amsa! Yaya, amsa muke jira!"

"Kai rufe mini baki, da tumbinka kamar tulu! Kai ne mai neman auren?" Muryarta ta dawo. Ta ja hannun rigar Malam Pu ta zaunar da shi. Ta ɗauki tawul ɗin wuyansa ta goge masa goshi da ƙarfi kamar tana goge tebur. Sannan ta juya wajen Kuang ba tare da ta kalli kowa ba.

"Kuang. Ɗauke wannan. Kawo mai rabi biyun."

Kuang ya dafe sanƙonsa. "Yaya Bihua? Ke? Farin romo a teburinki?"

"Ka kurumce ne? Zan bar shi ya mutu kafin a je ofishin rajistar aure? Ka sa naman kaza da yawa a nasa ɓangaren. Kuma duk wanda ya kai labarin nan filin rawa, ni da shi ne."

Ashe matar Kuang tana riƙe da waya a ɗaya hannun tana ɗaukar bidiyo tun daga "awara".

Aka kawo tukunya mai rabi biyu, Kuang da kansa ya ɗauko ta sama da kai yana tafiya a hankali, tebur-tebur ana yi mata tafi. Malam Pu ya sha farin romo kwano uku, hawayensa bai tsaya ba, kuma na tabbata ba duka na barkono ba ne. Matar Kuang ta kawo wainar shinkafa da mazarƙwaila kyauta. Ya ci guda shida, leɓensa ya dawo, ya yi ƙoƙarin karanta baitin waƙar nan da ka, ya manta layi na biyu. Goggo ta ce ya bar shi haka, ya fi daɗi gajere. Maganin cikin da na kawo kuwa ni na sha shi, don dariya ta ƙulle mini ciki har na kasa miƙewa.

Muka fito wajen ƙarfe uku, rana ta buge mu, dukanmu muna warin kitse da tafarnuwa. Farar rigar ta zama taswirar ja da shuɗi. Ya buɗe lemarsa ya riƙe a kan Goggo, ta ce ya rufe ana kallonsu, amma ba ta matsa daga ƙarƙashinta ba.

A watan Oktoba suka yi rajista. Mai ɗaukar hoton takardar aure ya ɗauka sau tara, don duk sanda ya ce su natsu sai Goggo ta kalli fuskar Malam Pu ta fashe da dariya. Ɗanta ya zo daga Shenzhen, 'yar Malam Pu ta yi kuka har kwalliyarta ta lalace, matan filin rawa su talatin suka zo cikin kaya iri ɗaya ba tare da an gayyace su ba. Ya tattaro littattafansa ya koma hawa na shida.

Yanzu harshen garinmu yake koya, da littafi da biro, yana rubuta zagi a shafi guda, gaisuwa a shafi guda, wani lokacin yana haɗa su. Makon jiya Goggo ta kira ni ina tsaka da ba wata mata maganin tari, na ɗaga wayar nesa da kunne.

"Auta! Kawunki ya yi faɗa a kasuwa! Mai kifi ya ba shi wanda ya kwana, ya mayar masa, ya kira shi ɗan kunkuru a gaban kowa! Daidai ya faɗe shi, Auta, ko harafi bai kuskure ba! Mai kifin ya canza masa har ya ƙara masa kan kifi ɗaya. Ki zo da yaran ranar Lahadi, ni zan dafa."

Matar da ke jiran maganin tari ta tambaye ni ko ita ma za ta iya zuwa.